Dorothy Eustis: Matar Da Ta Mai Da Kare Ɗan Jagoran Makaho

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Wurno da Goronyo, ko kuwa ya shiga Rabah ran kasuwa, ba zai rasa ganin wani abu ba wanda ido ya saba da shi har ya daina lura. Dattijo ne makaho riƙe da ƙarshen sanda, ɗaya ƙarshen kuwa yana hannun wani yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da ke gabansa, yana ja, yana kauce wa ramuka da jakuna da 'yan kabu-kabu. Yaron nan shi ne ɗan jagora. Galibi ɗan makahon ne ko jikansa, kuma sa'ad da tsararrakinsa ke cikin aji ko gaban malam da allo, shi yana bakin tasha yana jiran a miƙo sadaka. Makanta ɗaya ta kama mutum biyu ke nan, wanda ya rasa idon da wanda aka ara idonsa.

Ba yau ciwon ido ya fara damun shugabannin wannan yanki ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, kuma a can kabarinsa yake tun da ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da maganin ciwon ido. Amma tambayar da ke biyo baya, watau wa zai ja makaho in magani ya faskara, ita ce har yanzu ake amsawa da ɗan yaro. A Amurka da Turai an sami wata mace da ta ba da wata amsa dabam, ta kuma ƙare dukiyarta da sauran kwananta a kanta. Sunanta Dorothy Harrison Eustis.

An haife ta a birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka ran 30 ga watan Mayu, 1886, ita ce auta cikin 'ya'ya shida. Ubanta, Charles Custis Harrison, attajiri ne wanda ya tara dukiya da masana'antar tace sukari, daga baya ya bar kasuwanci ya zama shugaban Jami'ar Pennsylvania daga 1894 har zuwa 1910. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Agnes Irwin a garinsu, sa'an nan aka tura ta Eastbourne a Ingila ta ƙaro ilmi. 'Yan mata irinta a zamanin nan abin da ake zato gare su shi ne aure cikin babban gida, da liyafa, da ɗan taimakon gajiyayyu daga nesa.

Auren kuwa ya zo a 1906. Ta auri Walter Abbott Wood, wanda gidansu ke da masana'antar ƙera injunan yankan ciyawa da girbi a garin Hoosick Falls ta Jihar Niyok. Su biyu suka kafa gonar gwaji ta shanun madara, inda ake zaɓen sa da saniya da gangan, ana rubuta abin da kowace ta haifa da yawan nonon da ta bayar, domin a ga irin da ya fi albarka. Bafillatanin da ke kiwon gudali a ƙasar Sakkwato ya san wannan aiki tun kaka da kakanni, yana riƙe da asalin kowace saniya a ka. Bambancin kawai, ita Dorothy a takarda ta koyi riƙe shi, kuma wannan ɗabi'a ta rubuta kome da kome ita ce jarin da ta fita da shi daga gonar. Mijin ya rasu a 1915, ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, tana da shekara 29.

Tun kafin rasuwarsa tana da wani kare mai suna Hans, irin karnukan nan na makiyayan Jamus waɗanda a nan ake ce wa karen 'yan sanda. Hankalinsa da biyayyarsa suka riƙa ba ta mamaki, balle da ta lura cewa da yawa daga cikin 'yan'uwansa da ake kiwo a Amurka domin gasar kyan jiki ba su da ko rabin basirarsa. Masu kiwo sun bi kyan gashi da tsayuwar kunne, sun bar halin aiki ya zube. Sai ta ce a ranta abin da aka yi da saniya a kan nono, ai za a iya yi da kare a kan hankali.

Gona a kan dutse

A 1921 ta ƙaura zuwa Vevey, a bakin tafkin Janiba a ƙasar Suwizalan. A 1923 ta auri wani Ba'amurke, George Eustis, wanda sunansa ya bi ta har kabari ko da yake auren bai yi ƙarko ba. A gefen dutsen Pèlerin suka kafa gidan kiwon karnuka da suka sa wa suna Fortunate Fields. Ta ɗauko wani mutum daga Amurka, Elliott Humphrey, wanda aka fi sani da Jack. Shi ba a jami'a ya koyi ilmin gadon halitta ba. Mai kula da dawakin Larabawa ne a wata gona, wanda ya shafe shekaru yana bin salsalar karnukan Jamus yana rubutawa a mujallar masu kiwo, a can kuwa ta ga sunansa.

Aikin da suka yi a kan dutsen nan na haƙuri ne. Kowane kwikwiyo aka haifa sai an buɗe masa takarda. Ana gwada ko ƙarar bindiga na firgita shi, ko hancinsa na da ƙarfi, ko yana son aiki da mutum, ko yana da saurin fushi, kowanne a ba shi maki, sa'an nan a duba abin da ya gada daga uwa da abin da ya gada daga uba. Wanda ya gaza ba a barinsa ya yi iri, kome kyansa. Cikin 'yan shekaru karnukan gidan suka shiga aikin 'yan sanda da na sojan Suwizalan, wasu na bin sawu, wasu na kai saƙo, wasu na gadi. Daga baya, a 1934, Humphrey da wani masani Lucien Warner suka tattara sakamakon binciken a cikin littafi mai suna Working Dogs. Har zuwa wannan lokaci babu maganar makafi ko kaɗan a cikin shirin Dorothy.

Maganar makafi daga Jamus ta fito. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da dubban samarin Jamus gida ba idanu, wasu saboda iskar gas mai guba, wasu saboda tartsatsin bama-bamai. A watan Agusta na 1916 wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnuka su ja waɗannan sojoji a garin Oldenburg. A 1923 kuma ƙungiyar masu kiwon karen makiyaya ta buɗe wata a Potsdam, kusa da Balin, wadda ta fi ta farko tsari. Can Dorothy ta je ta gani da idonta. Ta je ne tana shakka, domin a ganinta kare na iya bin sawun ɓarawo, amma a danƙa masa ran mutum a tsakiyar motoci wani abu ne dabam. Sai ga shi ta ga mutumin da ɗazu yake lallube da sanda, yana jan ƙafa, kansa a sunkuye, ya kama mariƙin ɗamarar karensa ya miƙe tsaye, ya shiga titi da saurin da sai mai ido ya ɗaga ƙafa kafin ya cim masa.

Ana nan sai wata babbar mujalla ta Amurka, Saturday Evening Post, ta nemi ta rubuta mata labarin karnukanta na 'yan sanda. Maimakon haka ta rubuta abin da ta gani a Potsdam. Labarin ya fito ran 5 ga watan Nuwamba, 1927, da kan magana The Seeing Eye, watau ido mai gani, kalmomin da aka ɗauko daga littafin Karin Magana na Baibul. Ba ta yi zaton kome zai biyo baya ba. Wasiƙu suka yi ta zubowa daga makafin Amurka, kowa na tambayar inda zai sami irin wannan kare, alhali ita ba ta taɓa horar da ko ɗaya ba.

Saurayin Nashville

A cikin wasiƙun akwai ta wani saurayi ɗan shekara 19 daga Nashville ta Jihar Tennessee, sunansa Morris Frank. Idonsa ɗaya ya mutu yana da shekara shida, da ya yi karo da reshen itace a kan doki. Ɗayan kuma ya tafi yana da shekara 16, a wajen dambe. Yana karatu a Jami'ar Vanderbilt, yana kuma sayar da inshora gida gida, amma ko'ina zai je sai ya ɗauki yaro haya ya ja shi. Yaron yakan makara, yakan nemi ƙarin kuɗi, wani lokaci ya bar shi tsaye a bakin hanya ya tafi sha'aninsa. Kowane makaho a ƙasar Hausa ya san wannan zafi, na mutum babba mai hankalinsa wanda fitarsa da komowarsa ke hannun yaro. Ubansa ne ya karanta masa labarin mujallar. Abin da ya bambanta wasiƙar Frank da sauran shi ne bai roƙi kare don kansa kaɗai ba. Ya yi alkawarin in abin gaskiya ne, zai komo gida ya nuna wa jama'a, ya kuma taimaka a kafa makaranta domin sauran makafi.

Dorothy ta amsa. Aka je Potsdam aka duba yadda suke yi, aka komo aka gyara abin da aka ga na gyarawa, aka fara horar da karnuka. A watan Afrilu na 1928 Frank ya hau jirgin ruwa shi kaɗai. Da yake babu tsarin tafiyar makaho ba mai rakiya, sai kamfanin American Express ya karɓe shi kamar ƙunshin kaya, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu har Vevey. Wannan wulakanci bai taɓa fita ransa ba. A can aka haɗa shi da wata karya mai suna Kiss. Sunan bai yi masa ba, domin ma'anarsa sumba, kuma saurayi ba zai so ya tsaya a titi yana kiran haka da ƙarfi ba, sai ya sake mata suna Buddy, watau aboki.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a bayyana yadda aikin yake, domin mutane da yawa na zaton karen ne ya san hanya. Karen bai san inda banki yake ba, bai kuma san ma'anar jar fitila ko koriya ba. Mutumin ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, yana ƙirga tituna, yana ba da umurni: gaba, dama, hagu. Ana ɗaura wa karen wata ɗamara ta fata a ƙirji mai sandararren mariƙi, makahon ya riƙe da hannun hagu, ta nan yake jin kowane motsin karen. Aikin karen shi ne ya bi da shi ta inda babu cikas, ya tsaya cak a bakin titi ko matakala har mutumin ya taɓa da ƙafa ya gane, ya kuma lura da abin da ke sama, kamar reshe ko rumfar kanti, wanda shi zai wuce ƙarƙashinsa lafiya amma zai bugi goshin maigidansa. In an zo tsallaka titi, mutumin ne zai saurari motoci ya ce a tafi. Amma in ya yi kuskure, mota na tafe bai ji ba, wajibi ne karen ya ƙi. A nan wuyar horon take. Karen 'yan sanda ana koya masa ya bi umurni ko da wuta ce a gabansa, wannan kuwa sai an koya masa biyayya, sa'an nan a koya masa lokacin da zai saɓa. Karen da ba shi da wannan hankali a jininsa, bulala ba ta sa masa shi, kuma a nan ne takardun da Dorothy ta yi shekaru tana cikawa suka yi rana.

Bayan kamar mako biyar na horo mai tsanani, wanda a cikinsa Humphrey yakan bar shi ya yi karo da turaku don ya koyi amincewa da karen, Frank ya sauka Niyok ran 11 ga watan Yuni, 1928. 'Yan jarida suka tare shi a bakin tashar jiragen ruwa, ɗayansu ya ce in ya isa ya tsallaka West Street, wani faffaɗan titi mai cike da manyan motocin kaya. Buddy ta shiga da shi, ta tsaya, ta ja baya, ta sake gaba, har suka kai ɗaya gefen, 'yan jaridar kuwa na can baya sun kasa biyo su. Ya buga wa Dorothy waya mai kalma ɗaya tak, mai nuna an yi nasara.

Ran 29 ga watan Janairu, 1929, aka yi rajistar makarantar The Seeing Eye a Nashville, Dorothy ce shugaba kuma mai zuba kuɗi, Frank ne mai gudanarwa. Ajin farko mutum biyu ne. Kafin shekarar ta ƙare makafi 17 sun sami karnuka. Zafin Nashville bai yi wa karnukan daɗi ba, ga shi kuma gari ne na nesa, saboda haka a 1931 aka mayar da makarantar Whippany ta Jihar New Jersey, cikin wani babban gida da ta saya da kuɗinta. Wani Bajamushe mai kiwon karnuka da ke zaune a yankin, Willi Ebeling, ya riƙe ragamar harkokin yau da kullum shekara da shekaru.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne samun masu horarwa. Kare ana iya haifarsa a shirya shi cikin shekara biyu, amma mutumin da zai fahimci kare, ya kuma fahimci makaho, ya yarda a ɗaure masa idanu ya bi karen da ya horar cikin motoci, shi ne abin nema. Ta buɗe makarantar koyar da su a Suwizalan mai suna L'Oeil qui Voit, wanda da Faransanci ma'anarsa ɗaya da sunan ta Amurka. Samari da yawa suka shiga, kaɗan suka kai ƙarshe. Amma kaɗan ɗin nan su suka kai aikin wasu ƙasashe. A 1930 wasu mata biyu na Ingila, Muriel Crooke da Rosamund Bond, suka nemi taimakonta, ta aika musu da William Debetaz, wanda ya horar da karnuka huɗu na farko a Wallasey aka miƙa su a 1931. Wani tsohon hafsan sojan Rasha da ya koyi aikin a hannunta, Kyaftin Nikolai Liakhoff, ya bi baya a 1933, a 1934 kuma aka kafa ƙungiyar karnukan jagora ta Ingila wadda ke nan har yau. A farkon lamarin mutanen gari sukan tare masu horon a titi su zage su, wai suna azabtar da dabba. A Amurka kuwa wasu manyan ma'aikatan jin daɗin makafi ne suka ɗaga hanci, suna ganin ƙasƙanci ne kare ya ja ɗan Adam.

Dala 150

A wajen ƙa'idodin makarantar ne halin Dorothy ya fi fitowa fili, kuma a nan ne za a iya yaba mata a kuma yi mata gardama. Daga 1934 aka sa doka kowane ɗalibi zai biya dala 150 kuɗin karensa na farko. Kuɗin bai kai ko kusa da abin da aka kashe a kan karen ba, ana kuma barin mutum ya biya kaɗan kaɗan, amma sai daga aljihunsa. Ba a yarda wani attajiri ko wata ƙungiya ta biya masa ba, domin kada gobe a nuna shi a titi a ce ga makahon wane. In ya gama, karen ya zama mallakarsa. Haka kuma makarantar ba ta ba mai bara kare. Dalilinta shi ne in jama'a suka saba ganin karen jagora kusa da ƙoƙon bara, to, makaho lauya ko ɗan kasuwa ba zai ƙara shiga ofis da nasa a dube shi da mutunci ba.

Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da kaifi. Wanda ya fi kowa talauci a cikin makafi, wanda bara ce kaɗai ta rage masa, shi ne dokar ta rufe wa ƙofa. Mace ce da ba ta taɓa kwana da yunwa ba, kuma abin da ta gina ya fi amfanar makahon da ya riga ya sami ilmi ko sana'a. Ita kanta ba ta taɓa cewa kare na kowane makaho ba ne. Sai mai ƙarfin tafiya, mai wurin zuwa kullum, mai iya ciyar da dabba da kula da lafiyarta. Har yau a ƙasashen da aikin ya kafu, kaɗan ne daga cikin makafi ke amfani da kare, mafi yawa farar sanda suke riƙewa.

Samun kare kuma bai buɗe ƙofofi nan da nan ba. Jiragen ƙasa da masaukai da gidajen abinci duk suna da dokar hana shiga da kare. Frank da Buddy suka yi ta zagaya Amurka, tafiyar da ta kai mil 50,000, suna shiga inda aka hana su, Buddy ta kwanta ƙarƙashin tebur ba motsi har mai wurin ya ji kunya. A 1938, 'yan kwanaki kafin ta mutu, aka bar ta ta shiga cikin jirgin sama tare da fasinjoji daga Chicago zuwa Newark. Dokar da ta game ƙasar duka a kan haƙƙin naƙasassu ba ta zo ba sai 1990.

Daga wannan tushe ne aikin ya yi rassa. A 1975 wata malama, Bonnie Bergin, wadda ta ga yadda naƙasassu ke amfani da jakuna a wasu ƙasashen Asiya, ta kafa ƙungiyar Canine Companions for Independence a Santa Rosa ta Jihar Kalifoniya, domin horar da karnuka su yi wa guragu da masu shanyewar jiki hidima: su ɗauko abin da ya faɗi, su buɗe ƙofa, su kunna fitila, su ja keken guragu. Tsarin da suke bi na Dorothy ne, watau a zaɓi iri, a ba wani gida kwikwiyo ya rene shi har ya wuce shekara, a komo da shi a horar na wasu watanni, sa'an nan a kira mai buƙata ya zo ya zauna makonni a koya musu zama tare. A nahiyar Afirka, wata makauniya Gladys Evans ta kafa irin wannan ƙungiya a Afirka ta Kudu a 1953, shekarar da aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a nan Nijeriya.

Ko irin wannan kare zai yi aiki a Wurno ko Goronyo? Abu na farko da mai karatu zai kawo shi ne addini, amma shi ne ma ya fi sauƙi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta ajiye shi domin farauta da gadin dabbobi da gona, Alƙur'ani mai girma kuma a Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da horarriyar dabba ta kamo. Mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar kare mai horo. A Ingila ma, a 2008, wata majalisar malaman shari'a ta ba da fatawar da ta ba wani saurayi makaho damar zuwa masallaci a Leicester da karensa, aka yi wa karen wurin jira dabam da inda ake salla. Hukuncin wannan a nan na malamai ne. Cikas na gaske a ƙasa yake. Karen jagora yana aiki ne da gefen titi na masu tafiya a ƙasa, da mararraba mai tsari, abubuwan da kasuwannin ƙauye ba su da su. Karen da zafin Nashville ya dama, ina zai sa kansa a bazarar Sakkwato, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40? Ga karnukan gari masu yawo da haɗarin ciwon haukar kare, ga abincinsa da allurarsa, a gidan da mutane ma da ƙyar suke ci sau biyu.

Saboda haka abin da ma'aikacin jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma zai ɗauka daga tarihin matar nan ya fi karkata ga manufarta, cewa makaho ya iya fita shi kaɗai. Hanyar da ta fi kusa ita ce doguwar farar sanda tare da horon amfani da ita, dabarar da Richard Hoover ya tsara wa sojojin Amurka da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ake koyarwa cikin watanni, ba ta ci ba ta sha. Kafin ita kuma akwai aikin yanar ido da maganin amodari, waɗanda ke hana makantar tun farko. Nijeriya ta sami dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, kowane babban gari kuma yana da Sarkin Makafi wanda ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya san ɗan wa ke jan wa. In ana neman yaran da ba su makaranta a Rabah, ƙofar gidansa na cikin wuraren da ya kamata a fara tsayawa.

Dorothy ta riƙe shugabancin makarantar har 1940, ta sauka ta miƙa wa wasu, ta kuma tabbatar an tara mata asusun da za ta tsaya da ƙafarta ba tare da aljihun mutum ɗaya ba. Jami'ar Pennsylvania ta ba ta digirin girmamawa a 1933. Ta mutu a Niyok ran 8 ga watan Satumba, 1946, tana da shekara 60, a lokacin makarantar ta riga ta ba makafi karnuka fiye da 1,300. Morris Frank ya rayu har 1980, kuma duk karen da ya riƙe bayan na farko sunansa Buddy. Makarantar tana nan a Morristown, yawan karnukan da ta haɗa da makafi ya haura 17,000, kuɗin kare na farko kuwa ya yi shekaru masu yawa yana dala 150, kamar yadda aka yanka a 1934. A 2005 aka kafa mutum-mutumin Frank da Buddy a tsakiyar garin, a kan hanyar da ɗaliban makarantar ke bi kullum suna koyon tsallaka titi. Ita kuwa sai a 2011 aka sa sunanta a zauren tunawa da fitattun matan Amurka da ke Seneca Falls.